Malam Aminu Kano (1920-1983) da Yaƙinsa da Ɗaurin Zalunci

A cikin mutanen da suka yi fice a ƙasar Hausa a ƙarni na 20, da wuya a sami wanda aka fi danganta sunansa da talaka kamar Malam Aminu Kano. Galibin abin da aka rubuta a kansa ya ta'allaƙa ne ga siyasar jam'iyyu, wato NEPU da PRP, da zaɓuɓɓukan da ya ci da waɗanda ya faɗi. A wannan babi za a bi rayuwarsa ta fuskar shari'a. Wa ke da ikon kama mutum ya kulle shi? Har tsawon wane lokaci? Wa kuma zai iya tsayar da mai kamun ya tambaye shi hujjarsa? Waɗannan tambayoyi sun bi Malam tun daga gidan mahaifinsa har zuwa ƙarshen rayuwarsa. Ya dace ɗalibi mai koyon aikin malanta ya san wannan tarihi, musamman da yake Malam Aminu malamin makaranta ne kafin ya zama ɗan siyasa.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ranar 9 ga Agusta, 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, Bafulatani ne daga zuriyar Gyanawa, waɗanda aka sani da ilimin fiƙihu da alƙalanci, kuma shi kansa ya yi aikin mufti a kotun alƙali. Mahaifiyarsa, Rakiya, wadda ake yi wa laƙabi da Mambayya, tana cikin waɗanda suka fara ɗora shi a kan karatun Alƙur'ani. Ke nan yaron ya tashi a gidan da zancen ƙara da shaida da rantsuwa da hukunci yake abin yau da kullum. Wannan ya yi masa rana daga baya, domin duk lokacin da ya soki wani alƙali ba a iya cewa jahilcin shari'a ne ya sa shi.

Ya shiga makarantar elemantare ta Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sannan a 1937 ya tafi Kwalejin Kaduna, wadda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Ya gama a 1942 da takardar shaidar malanta. Tun yana ɗalibi ya riƙa tsara wasannin kwaikwayo da Hausa, yana amfani da su wajen yi wa masu mulki hannunka-mai-sanda.

Aikin Koyarwa

An tura shi Midil ta Bauchi a 1942. A can ya haɗu da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda yake koyarwa a makarantar, da kuma Malam Sa'adu Zungur, wanda ya fi kowa tasiri a tunaninsa na siyasa. Tare suka riƙa gudanar da zaman muhawara, inda ake tattauna yadda En'e take tafiyar da mulki, abin da ba a saba ji a bainar jama'a ba a wancan zamani. A 1946 ya sami gurbin ƙaro ilimi a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Bayan ya dawo ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa a 1948, sannan aka mai da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru a Lardin Sakkwato. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi siyasa gaba ɗaya.

Alƙali, Ɗan Doka da Yari

Ba za a fahimci abin da Malam ya yi yaƙi da shi ba sai an san yadda tsarin En'e yake. A ƙarƙashin mulkin Turawa, sarki shi ne shugaban En'e. Shi ke da 'yan doka masu kamu. Alƙalai ma'aikatan En'e ne, daga baitulmalinta ake biyan su, kuma sarki na da babban hannu a naɗa su da tuɓe su. Gidan yari ma na En'e ne. Bayan haka, manyan sarakuna suna da kotunsu ta kansu mai daraja ta ɗaya, wadda take iya yanke hukunci har na kisa. Wato mai kamu da mai hukunci da mai tsaron fursuna duk daga tushe ɗaya suke karɓar umarni. Idan mutum ya saɓa da hakimi ko da fada, to wanda ya saɓa da shi ne ke riƙe da dukkan ƙofofin da zai bi ya nemi gaskiyarsa.

A nan yana da kyau a lura da yadda Hausa ta rarrabe waɗannan al'amura. Kamu daban, tsarewa daban, ɗauri daban. Ɗauri hukunci ne da ke biyo bayan shari'a. Tsarewa kuwa riƙe mutum ne kafin a tabbatar da laifinsa. Akwai kuma ɗaurin talala, inda ake barin mutum a sake amma a iyakance masa inda zai taka, kamar dabbar da aka tsawaita wa igiya. Ita kuma kalmar yari asalinta sarauta ce, sunan mai kula da kurkukun sarki, shi ya sa har yau ake cewa gidan yari. Kalmar da kanta tana nuna wanda ya mallaki wurin. A aikace, a zamanin En'e iyakar da ke tsakanin tsarewa da ɗauri ta yi rauni ƙwarai, domin ana iya kama mutum da safe, a gurfanar da shi da hantsi, kafin azahar ya fara zaman wata uku.

A ɗauki misalin manomin auduga a Dayi, cikin gundumar Malumfashi ta Galadiman Katsina, a tsakiyar shekarun 1950. A ce ya yanki katin NEPU, ko ya tara mutane a ƙofar gidansa ana karanta musu takardar jam'iyya. Dokar En'e ta ce ba a taron siyasa sai da izini, izinin kuwa yana hannun hukumar da taron yake suka. Dagaci zai kai rahoto ga hakimi, 'yan doka su zo su tafi da shi, a kai shi gaban alƙali a kan laifin taro ba izini, ko zagin shugabanni, ko ta da hankalin jama'a. Ba shi da damar ɗaukar lauya, domin doka ta hana lauyoyi tsayawa a kotunan En'e. Gaskiya ne yana iya ɗaukaka ƙara zuwa Katsina, kuma tun daga gyaran da Gwamna Donald Cameron ya yi a 1933 an buɗe hanyar da wasu ƙararraki za su kai har Babbar Kotu. Amma mutumin da yake kulle, ba kuɗi, ba mai rubuta masa takarda, yaya zai bi wannan doguwar hanya? Kafin a saurare shi ya gama wa'adinsa. Idan kuma damina ce aka ɗaure shi, gonar ta tafi, ga haraji yana jiran sa da kaka. Di'o da Razdan suna da ikon duba hukuncin alƙali su rage ko su soke, sai dai su jami'an mulki ne, kuma manufar gwamnatinsu ita ce a ƙarfafa sarakuna.

Ba daidai ba ne a ce duk alƙalan wancan zamani azzalumai ne. An yi masu tsoron Allah a cikinsu, waɗanda suka ƙi karkata hukunci ko da za su rasa kujerarsu. Haka kuma masu kare En'e suna da tasu hujjar, cewa wasu 'yan NEPU sun mai da zagin manya sana'a, kuma babu al'ummar da za ta zauna lafiya idan ba a girmama shugabanni. Aibin yana ga tsarin ne, domin ya bar 'yancin mutum a rataye ga halin kirkin alƙali ɗaya, ba tare da wani na sama mai zaman kansa da zai bincika ba.

Shekarun NEPU

An kafa NEPU, wato Jam'iyyar Neman Sawaba, a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Mutum 8 ne suka kafa ta, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu yana aikin gwamnati a lokacin, don haka ba ya cikin jerin, amma da ya ajiye aiki ya shigo, ya kuma zama shugabanta a 1953. A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, NEPU ta yi rinjaye a matakan farko a Kano, amma da aka kai matakin ƙarshe, inda En'e take da ikon cusa nata wakilai, ba ta sami kujera ko ɗaya ba.

Daga nan aka shiga shekarun wuya. An ɗaure 'yan jam'iyyar da yawa a lardunan Arewa, an yi wa wasu bulala, an kori wasu daga garuruwansu. A Kano wata ƙungiya da ake kira 'Yan Mahaukata ta riƙa far musu da duka. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar, an ɗaure ta a Kano aka kuma kore ta daga birnin, kuma an lissafa cewa ta shiga kurkuku sau 16 a rayuwarta. Shi kansa Malam an taɓa ɗaure shi na 'yan kwanaki saboda ya ɗaura tutar jam'iyya a motarsa cikin birnin Kano.

Abin lura shi ne irin makamin da ya zaɓa. Bai ce a watsar da shari'ar Musulunci ba, kamar yadda abokan hamayyarsa suka riƙa yaɗawa. Ya tsaya ne a kan cewa abin da ake yi da sunanta ya saɓa mata. Ya riƙa komawa ga koyarwar shugabannin jihadi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda a Kitabul Farƙi ya soki sarakunan da ke hukunta mutane da ƙwace dukiyarsu bisa son rai, da ƙanensa Abdullahi, wanda ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano don ya nuna wa masu mulki iyakokinsu. A wurin tafsiri da wurin lacca saƙonsa ɗaya ne: ba a hukunci sai da shaida, ba a hana wanda ake tuhuma kare kansa, kuma mai ƙara ba ya zama alƙali a shari'arsa. Buƙatun jam'iyyarsa a wannan fanni su ne a raba alƙalai da ikon sarakuna, a rubuta laifuffuka da hukuncinsu kowa ya sani, a kuma buɗe hanyar ɗaukaka ƙara. Ya kai waɗannan koke-koke har tarurrukan tsarin mulki da aka yi a Landan a shekarun 1950.

Gyare-gyaren 1958 zuwa 1960

Ba NEPU kaɗai ke kuka da kotunan En'e ba. Ƙananan ƙabilu da waɗanda ba Musulmi ba su ma sun kai ƙorafinsu gaban hukumar da Sir Henry Willink ya shugabanta a 1957 da 1958. Hukumar ba ta yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi ba, amma ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. An ɗauko su ne daga yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 1950, aka fara aiki da su gab da zaɓen 1959, sannan suka shiga tsarin mulkin 'yancin kai na 1960. A ciki aka ce ba za a tauye wa mutum 'yancin walwala ba sai ta hanyar da doka ta tsara, kuma wanda aka tauye wa yana iya zuwa Babbar Kotu kai tsaye.

A ɓangare guda kuma, gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. Daga shawararsa aka samar da kundin laifuffuka da Hausawa suke kira Final Kod, da kundin tsarin gudanar da shari'ar laifi, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, waɗanda suka fara aiki a 1960. Tun daga lokacin bai halatta alƙali ya ɗaure mutum a kan laifin da ba a rubuce yake ba.

Da wannan ne wani tsohon makami na shari'ar Ingila ya ƙara kusantar talakan Arewa. Shi ne umarnin da babban alƙali yake bai wa duk wanda ke tsare da mutum, ko ɗan sanda ne ko minista, cewa ya kawo mutumin gabansa da jikinsa, ya kuma faɗi dokar da ta ba shi ikon riƙe shi. In babu hujja, a sake shi nan take. Lauyoyi suna kiran sa da sunansa na Latin, habeas corpus, kuma majalisar Ingila ta ƙarfafa shi da doka tun 1679. Tare da shi akwai ikon kotu na duba aikin hukuma, har ma da dokar da majalisa ta yi, ta auna su da tsarin mulki.

Sai dai rubutu a takarda bai sauya hali nan da nan ba. A 1958 gwamnatin Arewa ta yi dokar hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 shiga harkar siyasa. An ƙalubalanci dokar a shari'ar Cheranci a 1960, kotu ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. J. S. Olawoyin na Offa ya sake gwadawa, a 1961 aka kori ƙararsa bisa dalilin cewa dokar ba ta taɓa shi kai tsaye ba. Duk da haka an kafa wani abu sabo, domin an ga gwamnatin jiha tana tsayawa gaban alƙali tana kare dokarta. A karkara kuwa, tun da 'yan doka da gidan yari da naɗin alƙalai suna nan a hannun En'e, ɗaurin 'yan adawa bai tsaya ba har faɗuwar jamhuriya ta farko.

Majalisa da Gwamnatin Soja

Malam ya faɗi zaɓen tarayya na 1954 a hannun Maitama Sule, wanda a lokacin ya koma NPC. A 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas, NEPU ta sami kujeru 8, kuma saboda ƙawancenta da NCNC ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a majalisar wakilai. Ya rasa kujerar a 1964.

Wani abin mamaki shi ne, sojoji ne suka cika burin da ya shafe shekara 15 yana nema. Bayan juyin mulkin 1966 aka fara shirin karɓe kotuna daga hannun En'e, a zamanin da Hassan Usman Katsina, ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo, yake gwamnan Arewa. A 1968 aka soke kotunan sarakuna, kotunan alƙalai suka koma kotunan yanki ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha, gidajen yari suka koma hannun gwamnatin tarayya, daga bisani kuma aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya.

A wannan lokaci Malam yana cikin gwamnatin Janar Yakubu Gowon, kwamishinan sadarwa daga 1967 zuwa 1971, sannan na lafiya zuwa 1974. A nan akwai abin da bai kamata mai tarihi ya tsallake ba. Gwamnatin da yake ciki ita ce ta yi dokar soja mai lamba 24 ta 1967, wadda ta ba shugaban 'yan sanda da na soja ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba. A zamaninta aka tsare marubuci Wole Soyinka daga 1967 zuwa 1969. Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Lakanmi a 1970 cewa dokar soja ma tana da iyaka, sai gwamnati ta fito da doka mai lamba 28 ta rushe hukuncin. Ana iya kawo uzurin yaƙin basasa, kuma ba Malam ne ke riƙe da harkar tsaro ba. Amma a ganina wannan shi ne wuri mafi rauni a tarihinsa: ikon da ya yaƙa a hannun hakimi ya dawo a hannun soja, ya fi na da ƙarfi, shi kuwa yana zaune a majalisar zartarwa.

Tsarin Mulkin 1979

Malam yana cikin waɗanda suka yi aikin tsarin mulkin jamhuriya ta biyu. Sashe na 32 na wannan kundi ya fayyace abin da a da aka bari a dunƙule. Dole a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Waɗannan tanade-tanade su ne aka maimaita a sashe na 35 na tsarin mulkin 1999, sashe na 46 kuma ya ba da damar kai kuka Babbar Kotu. Tsakanin Dayi da Malumfashi bai kai kilomita 40 ba, don haka jikan manomin nan da aka yi misali da shi, in an kama shi a kan ƙaramin laifi, ƙa'idar kwana ɗaya ce ta hau kansa.

A 1978 Malam ya kafa PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979. Hukumar zaɓe ta nemi hana shi tsayawa a kan batun takardar biyan haraji, sai da kotu ta wanke shi. Bai ci zaɓen ba, amma jam'iyyarsa ta kafa gwamnati a Kano ƙarƙashin Abubakar Rimi, da Kaduna ƙarƙashin Balarabe Musa. A lokacin ƙasar Katsina duka tana cikin Jihar Kaduna, domin sai 1987 aka ba ta jiharta. Gwamnonin biyu sun soke haraji da jangali, waɗanda rashin biyansu ya daɗe yana kai talakawa gidan yari.

Ba a daɗe ba aka gwada sabon kundin. A Janairun 1980 jami'an gwamnatin tarayya suka kama Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Jihar Borno, suka tsallaka da shi Chadi bisa zargin cewa ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta soke korar, ta tabbatar masa da zamansa ɗan ƙasa, ta kuma ce a biya shi diyya. Shekara 25 kafin haka, ɗan adawar da aka kora daga garinsu ba shi da inda zai kai irin wannan ƙara.

Rasuwarsa

Shekarunsa na ƙarshe sun zo da ɓacin rai, domin PRP ta rabe gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, gwamnonin nan biyu suka saɓa da shi, aka kuma tsige Balarabe Musa a Yunin 1981. Yana shirin sake tsayawa takara, har ya zaɓi mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa, sai Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62. An binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ake kira Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa da kwalejin nazarin shari'a da addinin Musulunci duk suna ɗauke da sunansa. Ya bar rubuce-rubuce da Hausa, ciki har da Motsi Ya Fi Zama da tarihin rayuwar Sa'adu Zungur.

Wata takwas bayan rasuwarsa sojoji suka sake karɓe mulki. A 1984 suka kafa doka mai lamba 2, wadda ta ba da ikon tsare mutum ba shari'a, ta kuma hana kotuna bincikar dalili. A 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙara mata wani sashe da ya hana alƙali ba da umarnin a kawo wanda aka tsare gabansa. Ba a soke dokar ba sai a 1999.